Sharhi: Darasin Layin Dogo na Kafanchan ga Masu Sayen Manhajar Kasuwanci

Duk wanda ya kwana biyu a cikin harkar citta a kudancin Jihar Kaduna ya san cewa ciniki ya sauya kama. Dillalin da a da sai ya shiga mota daga Godogodo zuwa Kafanchan ko Kachia kafin ya ji yadda buhu ya kwana, yau yana samun labari ta wayar hannu tun bai bar ƙofar gidansa ba. Kuɗin da ake ƙullewa a lalita kuwa sun koma tafiya ta banki da na'urar POS, musamman tun daga ƙarancin takardun Naira da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023. Wannan sauyi ya buɗe wata sabuwar kasuwa, wato ta matasa masu ilmin kwamfuta da ke tayin gina wa ƙungiyoyin manoma, da masu rumbunan ajiya, da makarantu masu zaman kansu, da shagunan magani manhajar da za ta riƙe musu lissafi da sunayen abokan hulɗa.

Yawancin 'yan kasuwa idan aka zo musu da irin wannan tayi, tambaya biyu suke yi: nawa ne, kuma yaushe za a gama? Akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi, wadda ba kasafai ake yin ta ba: a kan wane ginshiƙi za a ɗora aikin? Matsayin wannan sharhi shi ne, ga ɗan kasuwa mai matsakaicin jari a wuri irin Godogodo, abin da ya fi dacewa shi ne ya dage a gina masa manhajarsa a kan buɗaɗɗen ginshiƙi wanda ke aiki a kan kowace irin na'ura, kuma a miƙa masa rubutun asali na aikin a hannunsa. Dalilan haka na tattalin arziki ne tsantsa, ba sai mutum ya san kan kwamfuta zai fahimce su ba.

Mene ne ginshiƙin manhaja?

Magini ba ya ƙera ƙusa da kwano da ƙyaure da hannunsa duk lokacin da aka ba shi kwangilar gida. Yana samun su a shirye, aikinsa shi ne ya haɗa su daidai da bukatar mai gida. Haka maginin manhaja yake. Akwai sassan aiki da kowace manhaja ke bukata, kamar tantance mai shiga da kalmar sirri, da adana bayanai, da zana fom ɗin da za a cika, da aika saƙo. Ginshiƙi shi ne tarin waɗannan sassa da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka tsara yadda za a ɗora sabon aiki a kansu.

Idan aka ce ginshiƙi buɗaɗɗe ne, ana nufin rubutunsa na asali yana fili, kuma lasisinsa ya halatta wa kowa ya karanta, ya yi amfani da shi, ya gyara, ya kuma rarraba ba tare da biyan kuɗin izini ba. Idan kuma aka ce yana aiki a kan kowace irin na'ura, ana nufin aikin da aka rubuta sau ɗaya zai gudana a kan wayar Android, da iPhone, da kwamfutar ofis, ko kuma a kan babbar kwamfutar ajiyar bayanai, mai Windows ce ko mai Linux. Daga cikin sanannun irin waɗannan akwai Django da ya fito a 2005, da Laravel a 2011, da React Native da kamfanin Facebook ya saki a 2015, da Flutter na kamfanin Google wanda cikakken bugunsa na farko ya fito a watan Disamba na 2018. Hatta kamfanin Microsoft, wanda ya gina arzikinsa a kan sayar da lasisi, ya bi sahu: a watan Yuni na 2016 ya fitar da .NET Core a buɗe, ta yadda shafin intanet da aka gina da kayansa zai iya zama a kan Linux ba tare da sayen lasisin Windows ba.

Abin da jirgin ƙasa ya koyar

Mutanen Kafanchan ba su bukatar a je nesa a samo musu misali, domin garin nasu kansa ɗan wannan darasi ne. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suka so kwashe kuza daga tsaunukan Jos, sun shimfiɗa wani ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, wanda aka kammala a 1914. Domin a rage kashe kuɗi, an yi faɗinsa ƙafa biyu da rabi, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Sakamakon haka, taragon da ya taso daga Jos ba shi da ikon wuce Zariya. Tilas a sauke kaya a sake lodi, a biya leburori, a yi asarar lokaci. A 1927 aka buɗe layin Kafanchan zuwa Jos mai faɗi ɗaya da sauran layukan ƙasar, kaya suka riƙa tafiya har Fatakwal ba tare da an taɓa su ba. Kafanchan ta zama mahaɗa ta bunƙasa, ƙaramin layin Zariya kuwa ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1957.

Arahar da aka nema a ranar shimfiɗa layin ita ce ta zama tsada a kowace rana bayan haka. Manhajar da ke aiki a kan na'ura iri ɗaya tak, ko wadda mutum ɗaya kaɗai ya san cikinta, ƙaramin layin dogo ce. Ba a ganin aibinta ranar buɗewa, sai ranar da kasuwanci ya girma yana neman ya haɗu da na wasu.

Biya ɗaya maimakon uku

Fa'ida ta farko ita ce ta kuɗin gini. A ɗauki ƙungiyar manoman citta mai mambobi a Godogodo da Gidan Waya da ƙauyukan kewaye. Wakilanta da ke auna buhuna a ƙauye suna riƙe da wayoyin Tecno da Itel da Infinix, dukkansu masu Android. Ma'aji yana aiki da tsohuwar kwamfuta a ofis. Mai sayen kaya da ke Kano ko Legas yana iya kasancewa da iPhone. A tsohon tsari, kowace ɗaya daga cikin waɗannan na'urori uku tana bukatar a rubuta mata tata manhajar da harshen kwamfuta dabam, sau da yawa ma da magini dabam. Ke nan an biya sau uku, kuma duk ranar da aka sauya wani abu, ko da kuɗin kamasho ne, sai an gyara a wuri uku. Da ginshiƙi mai aiki ko'ina, galibin aikin sau ɗaya ake rubuta shi, gyara ma sau ɗaya.

Akwai ma hanyar da ta fi wannan sauƙi ga masu ƙaramin ƙarfi, wato a gina manhajar a matsayin shafin intanet da ake iya ajiyewa a fuskar waya kamar kowace manhaja. Wannan yana kauce wa kuɗin rajista a shagunan manhaja, inda Google ke karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuma dala 99 a kowace shekara.

Kariya daga hawa da saukar dala

Fa'ida ta biyu ta shafi canjin kuɗi. Lasisin manhajojin waje da dala ake biyan sa, yawanci kuma wata-wata ko shekara-shekara. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yuni na 2023, ana canza dala ɗaya a kan kusan Naira 460 a hukumance. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Ma'ana, kamfanin da ke biyan dala 100 a wata ya tashi daga Naira 46,000 ya koma Naira 150,000, ba tare da an ƙara masa komai a cikin abin da yake samu ba. Ɗan kasuwar da ke sayarwa da Naira amma yake da ɗawainiya ta dindindin da dala ya ɗora wa kansa kasadar da ba shi da iko a kanta. Buɗaɗɗen ginshiƙi yana cire wannan kaso daga lissafi. Abin da ya rage shi ne ladan magini da kuɗin ajiyar bayanai, na farkon kuwa da Naira ake biyan sa, kuma a cikin gari yake zagayawa.

Wannan batu yana da nauyi na musamman a yankin da aka dogara da amfanin gona guda. A daminar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a ƙananan hukumomin Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a da maƙwabtansu, manoma da yawa suka tashi a tutar babu, iri ya yi tsada. A irin wannan shekara, ƙungiyar da lasisinta ya ƙare ba ta iya sabuntawa sai a rufe mata ƙofa, bayananta suna ciki. Wadda ta mallaki manhajarta kuwa za ta iya dakatar da sababbin gyare-gyare ta ci gaba da aiki da abin da ke hannu har damina ta gyaru.

Zanen aro ba ya rufe katara

Fa'ida ta uku ita ce mafi girma, kodayake ita ce aka fi mantawa da ita. Masana tattalin arziki suna magana a kan kuɗin sauya sheƙa, wato abin da mai saye zai yi asara idan ya so barin wanda yake hulɗa da shi ya koma wurin wani. Duk lokacin da wannan kuɗi ya yi yawa, mai sayarwa ya sami damar ƙara farashi yadda ya ga dama, domin ya san abokin cinikinsa ba shi da wurin zuwa.

Tarihin 'yan shekarun nan cike yake da misalai. Akwai lokacin da wayar BlackBerry ta zama abin yayi a tsakanin 'yan kasuwar Nijeriya, amma a watan Janairu na 2022 kamfanin ya daina tallafa wa tsofaffin wayoyinsa, duk manhajar da aka gina dominsu kaɗai ta bi su. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na kamfanin Adobe, wanda a shekarar 2020 ya yi watsi da kayayyakinsa biyu. Na farko shi ne Flash, wanda ragamarsa ke hannun kamfanin, kuma da ƙarewar wannan shekara shafukan da suka dogara da shi suka daina aiki. Na biyu shi ne PhoneGap, wanda tun 2011 aka miƙa rubutunsa na asali ga Gidauniyar Apache, inda aka ci gaba da kula da shi da sunan Cordova. Waɗanda suka gina a kansa sun sami sararin ci gaba da aiki da kuma shirya ƙaura a tsanake. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, amma makoma biyu, kuma bambancin shi ne ko rubutun a buɗe yake ko a rufe.

A matakin gari ma haka abin yake. Matashin da ya gina manhaja yau yana iya samun aiki a Abuja ko Legas gobe, ko a yi saɓani da shi a kan kuɗi. Idan ya yi aikin da wata dabara tasa da babu wanda ya sani, kuma rubutun yana cikin kwamfutarsa, to mai kasuwanci haya yake yi ba mallaka ba. Idan kuwa da sanannen ginshiƙi aka yi, kuma rubutun yana hannun mai shi, kowane ƙwararre zai iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Da Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya a kusa, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, da kuma shirin horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, yankin yana da inda zai samo masu gyara, muddin abin da za su gyara sananne ne.

Dacewa da yanayin wuri

Fa'ida ta huɗu ita ce 'yancin daidaita aiki da halin da ake ciki. Manhajar da aka tsara a Amurka ko Turai tana ɗauka cewa wuta da sabis ba su yankewa. A ƙauyukan kudancin Kaduna ba haka abin yake ba, kuma ba a manta da yadda aka katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar ba daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba na 2021 saboda dalilan tsaro. Manhajar da ta dace da nan ita ce wadda za ta karɓi bayani a waya ko babu sabis, ta aika da shi idan ya dawo. Buɗaɗɗun kayan aiki irin su ODK da KoboToolbox don haka aka yi su, kuma ma'aikatan lafiya da na agaji sun daɗe suna amfani da su a Arewa. Tsarin DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagoranta kuma hukumomin lafiya na Nijeriya ke tattara alƙalumansu da shi, shi ma buɗaɗɗe ne. Ke nan ba gwaji ake kira a yi ba, hanya ce da manya suka riga suka bi.

Haka nan batun harshe. Babu wani babban kamfanin waje da zai ga ribar fassara manhajarsa zuwa Jju ko Tyap ko Hyam, kuma ko Hausa sau da yawa ana rubuta ta babu ƙugiyoyin baƙaƙenta. A buɗaɗɗen tsari, ba sai an nemi izinin kowa ba. Masu magana da harshen Tyap sun nuna haka lokacin da aka buɗe musu nasu sashen Wikipedia a 2022, a kan manhajar da ita ma buɗaɗɗiya ce.

Ga mutanen Godogodo akwai wani dalili da ya fi waɗannan ɗaci. A rikicin da ya auka wa garin a 2016 an ƙona gidaje da shaguna, kuma duk inda wuta ta ci shago, littafin bashi yana cikin abin da ke tafiya. Lissafin da ke da kwafi a wani wuri dabam, a cikin tsarin da kowace na'ura za ta iya buɗewa, wani nau'in inshora ne.

Kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya

Adalci ne a faɗi inda gizo ke saƙa. Da farko, rashin kuɗin lasisi ba ya nufin aikin kyauta ne. Dole a biya magini, a biya wurin ajiyar bayanai, a kuma ware kuɗin kulawa duk shekara, kamar yadda mai mota ke ware na juyen mai. Na biyu, buɗaɗɗen rubutu ma yana da ɓaraka. A watan Disamba na 2021 an gano wata babbar kafa a cikin Log4j, wani ƙaramin sashe da dubban kamfanoni ke amfani da shi, duniya ta shiga rububin toshewa. An fitar da gyara cikin kwanaki, amma gyaran ya amfani waɗanda suka sabunta nasu ne kaɗai. Manhajar da aka gina aka manta da ita tana zama haɗari, kuma tun da aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a watan Yuni na 2023, alhakin sunaye da lambobin wayar abokan ciniki yana wuyan wanda ya tara su.

Na uku, da yawa daga cikin waɗannan ginshiƙai manyan kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma suna iya sauya ra'ayi. Microsoft ya daina tallafa wa Xamarin a watan Mayu na 2024, ya umarci masu amfani da shi su koma sabon tsarinsa. Buɗewar rubutu tana sassauta irin wannan bugu, amma ba ta hana shi. Na huɗu, manhajar da aka yi domin kowace na'ura takan fi nauyi a kan ƙaramar waya idan aka kwatanta da wadda aka ƙera mata ita kaɗai. Saboda haka wajibi ne a gwada aikin a kan mafi arhar wayar da wakilai ke riƙewa, ba a kan ta maginin ba.

Duk da haka, idan aka ɗora waɗannan a sikeli, za a ga cewa matsaloli ne da mai kasuwanci zai iya shiryawa ya magance. Matsalar rufaffen tsari kuwa maganinta yana hannun wani.

Yankin ba baƙo ba ne a wannan fage. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take da mazauni a unguwar Bayan Loko ta Kafanchan, ta haɗa ba mata rancen jari da koyar da kwamfuta tun lokacin da wayar salula ba ta iso ƙauyuka ba, har ta sami lambar yabo ta Hafkin ta nahiyar Afirka a 2001, daga baya kuma ta kafa hanyar intanet marar waya mai suna Zittnet domin jama'ar karkara. Abin da tarihinta ya nuna shi ne cewa fasaha tana kama ƙasa ne idan mutanen wurin suna iya gyara ta da hannunsu.

Abin da ya kamata a yi

Ɗan kasuwa ko shugaban ƙungiya da zai ba da kwangilar manhaja ya kamata ya sa sharuɗɗa huɗu a rubuce. Na ɗaya, a ambaci sunan ginshiƙin da za a yi amfani da shi da irin lasisinsa, kuma ya kasance sananne wanda ake ci gaba da kula da shi. Na biyu, rubutun asali da kalmomin sirri na wurin ajiya da sunan shafin su kasance mallakar mai biya, a miƙa su kafin a biya kason ƙarshe. Na uku, a iya fitar da dukkan bayanai a kowane lokaci cikin tsarin da kowace kwamfuta ke karantawa. Na huɗu, a yi yarjejeniyar kulawa ta shekara-shekara da farashinta a fili.

Ƙungiyoyin manoma da na dillalai kuma suna da damar haɗa ƙarfi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bukatar ƙungiyar Godogodo ba ta bambanta sosai da ta Kwoi ko Kachia ba: rajistar mambobi, auna buhu, bashin taki da iri, da tarihin inda kaya suka fito, wanda masu saye daga ƙasashen waje ke ƙara nema. Manhaja ɗaya da aka gina a buɗe za ta wadatar da su duka, kowa ya ɗauki kasonsa na kuɗin. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ma ya dace su sa irin wannan sharaɗi a duk aikin da aka yi da kuɗin jama'a, domin abin da talaka ya biya sau ɗaya bai kamata a sake sayar masa da shi ba.

Waɗanda suka shimfiɗa ƙaramin layin Zariya zuwa Jos sun yi lissafin ranar gini ne kawai, ƙasa ta ɗauki shekaru fiye da 40 tana biyan bambancin. Ɗan kasuwar yau yana da damar yin tambayar da su ba su yi ba, kuma lokacin yin ta shi ne kafin a sa hannu.